Sakan 4.4: Yadda Agogo Ya Zama Mai Gadin Ƙofar Jami'a a Amurka

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari su saurari murya.

Yau Amurka za mu leƙa, filin wani wasa da yawancinmu ba ma kallo: ƙwallon zari-rugar Amurka, wanda ake sa hular kwano, kafaɗu kamar an cusa filo. Na san wani zai ce ina ruwanmu. Ku ɗan yi haƙuri da ni. Ni ma ranar da na fara kallo ban ga komai ba sai ƙartai suna ta gware da juna. Abin da ya riƙe ni lamba ce guda ɗaya: 4.4.

Ku ɗauka ga yara biyu, kowanne shekararsa 17, ajin ƙarshe a sakandare. An ja musu layi su yi gudun yadi 40, wato mita 36 da rabi. Yadin nan dai da tela ke auna shadda da shi. Na farko ya iso a sakan 4.4, na biyu a 4.7. Tazarar kamar ƙiftawar ido ce. Amma na farko wayarsa ba za ta huta da kiran kociyoyin manyan jami'o'i ba: karatu kyauta, ɗaki, abinci, likita. Na biyu kuwa, in dai a baya yake tsaro, sai ya yi da gaske kafin wani ya ko kalli bidiyonsa. Yara kusan miliyan ɗaya ne ke buga wasan a sakandarorin Amurka, kuma tun 1994 babbar jami'a ba ta wuce 'yan wasa 85 a kan cikakken tallafin karatu, sai kwanan nan aka sassauta dokar. Tambayata ita ce, yaya aka yi agogo ya samu wannan iko?

Bari mu fara gane aikin. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Masu kai hari suna da madugu, wanda suke kira kwatabak, shi ke jefa ƙwallo da hannu. Akwai masu cafka, su ke rugawa gaba su cafe ta a iska. Waɗanda aka ɗora wa alhakin hana su su ne maganarmu ta yau: biyu a gefe da gefe, ana ce musu kwanabak, biyu kuma can ƙurya, ana ce musu sefti. Mu kira su 'yan baya kawai.

Aikin nan akwai rashin adalci a cikinsa tun daga tushe. Mai cafka ya san inda za shi, an riga an faɗa masa. Ɗan baya bai sani ba. Mai cafka gaba yake gudu, ɗan baya kuwa da baya-da-baya yake farawa, idonsa a kan ƙugun abokin karawarsa. Bahaushe ya ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, to nan ma haka. Sai ya ga inda mutumin ya karkata, sannan ya juya ƙugu ya bi shi. Kullum a makare yake tashi, gudu ne kaɗai ke biyan wannan bashin. Mutum in ya cika gudu, kashi ɗaya bisa goma na sakan ya kusa mita guda. Mita guda kuwa ta ishi madugu ya ajiye ƙwallo a hannun mutuminsa. In na gaba ya yi kuskure, akwai mai rufa masa asiri a bayansa. In ɗan baya ya yi, babu kowa sai ciyawa, maki 6 sun tafi. Ku tuna ɗan bayan da aka bari shi kaɗai da Mbappe, kun gane yanayin.

To da can ba haka wasan yake ba. A farkon ƙarni na 20 babu jifa gaba sam, turereniya ce kawai a dunƙule. A 1905 aƙalla 'yan wasa 18 ne suka mutu a sanadin wasan, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ce a gyara. A 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba domin a warwatsa cunkoson. Mutane ba su ɗauki abin da muhimmanci ba sai a 1913, da jami'ar Notre Dame ta lallasa makarantar sojoji ta West Point 35 da 13, Gus Dorais na jifa, Knute Rockne na cafewa. Daga ranar aka gane cewa sama ma hanya ce, kuma dole wani ya tsare ta.

Duk da haka, daga 1953 har tsakiyar shekarun 1960 dokar jami'o'i ta taƙaita canjin 'yan wasa, don haka mutum ɗaya shi ke kai hari shi ke tsaro. Koci ƙaƙƙarfan yaro mai juriya yake nema, wanda zai iya komai. Da aka cire wannan doka ne aka samu masu hari daban, masu tsaro daban. Daga nan koci ya fara shiga gari yana neman yaron da aikinsa ɗaya ne tak: ya bi mai cafka kamar inuwa.

Shi kuma yadi 40 daga ina? Galibi ana danganta shi ga Paul Brown, wanda ya horar da jami'ar Ohio State a farkon shekarun 1940 kafin ya koma ƙungiyar Cleveland Browns. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne, in an doka ƙwallo sama da ƙafa, takan yi tafiyar kusan yadi 40, ta kuma yi kamar sakan huɗu da rabi a iska. Brown yana son sanin wa zai iya isa wurin kafin ta sauka. Ku lura fa, gwajin nan ba don 'yan baya aka ƙirƙiro shi ba. Amma yana da sauƙi: layi biyu, agogo ɗaya, lamba ɗaya da za a rubuta a takarda. A shekarun 1960 ƙungiyar Dallas Cowboys, da mai farauto mata 'yan wasa Gil Brandt, suka riƙa zagaya jami'o'i da agogo suna zuba lambobin a kwamfuta, sauran ƙungiyoyi suka bi sahu, jami'o'i su ma suka bi.

Mutumin da ya sa kowa ya sayi agogo shi ne Bob Hayes. Ɗan Jacksonville ne a jihar Florida, baƙar fata, a zamanin da manyan jami'o'in jiharsa ba sa ɗaukar irinsa a ƙungiyarsu. Florida A&M ya tafi, jami'ar baƙaƙen fata, wurin koci Jake Gaither. A gasar Olamfik ta Tokyo a 1964 ya ci zinare a mita 100 cikin sakan 10.0, a kan layin da masu tseren tafiya suka riga suka tattake, ya ƙara wani zinaren a gudun ba-ni-in-ba-ka. Dallas ta sa shi mai cafka a 1965, ya cafe ƙwallayen ci 12 a shekarar farko, 13 a ta biyu. Babu ɗan bayan da ke iya riƙe shi mutum-da-mutum. Sai kociyoyi suka ƙara dogara da tsaron yanki, wato kowa ya tsare gonarsa maimakon bin mutum, suka kuma shiga neman 'yan baya masu ƙafa irin tasa. Har yau shi kaɗai ne ya haɗa zinaren Olamfik da kofin Super Bowl.

A nan ne tarihin ya daina zama na wasa kawai. Masu ƙafar nan suna nan tun tuni, a Grambling, a Southern, a Florida A&M, a Jackson State, jami'o'in da wariyar launin fata ta tura su. Manyan jami'o'in kudu sun gwammace su sha kashi da su ɗauke su. Sai a 1967 baƙar fata na farko ya buga wasa a gasar jami'o'in kudu maso gabas, wadda suke kira SEC. Sunansa Nate Northington, na jami'ar Kentucky, kuma a baya yake tsaro. Ya shiga fili da Ole Miss kwana ɗaya bayan rasuwar abokin ɗakinsa Greg Page, wanda suka shigo tare, ya kuma ji rauni a wuya wajen atisaye. Ku yi tunanin nauyin da ke kan yaron nan ranar.

A 1969 jami'ar Texas ta zama zakaran ƙasa da ƙungiyar da babu baƙar fata ko ɗaya. Ita ce ta ƙarshe da ta yi haka. A watan Satumban 1970 jami'ar Kudancin California ta zo Birmingham da ƙungiya gauraye, ta doke Alabama 42 da 21 a gaban mutanenta. Mutane na son cewa wannan dare ne ya buɗe ƙofa. Gaskiyar ita ce Alabama ta riga ta ɗauki Wilbur Jackson kafin wasan, kuma shari'o'i da zanga-zangar masu fafutuka ne suka daɗe suna jijjiga ƙofar. Abin da wasan ya yi shi ne ya rufe bakin 'yan kallo. A 1971 John Mitchell ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa Alabama. Agogo ba ya ganin launin fata, kuma kocin da ke tsoron kora ba ya jayayya da agogo.

Sai dai fa, ƙofar da gudu ya buɗe, ɗaki ɗaya ta kai mutane. Shekara da shekaru, yaro baƙar fata da ke madugu a makarantarsa, da an ga yana da ƙafa sai a ce ai kai ɗan baya ne, ko mai cafka. Kujerun da ake ganin na tunani da jagoranci ne aka keɓe wa wasu. Marlin Briscoe madugu ne a jami'arsa a Omaha. Denver ta ɗauke shi a 1968 ta ce kwanabak zai buga. Ya dage sai an gwada shi a gurbinsa, da raunuka suka kama na gabansa ya shiga ya jefa ƙwallayen ci 14 a shekarar. Duk da haka ba a sake ba shi kujerar ba, ya ƙare a mai cafka. Tony Dungy madugu ne a jami'ar Minnesota, Pittsburgh ta mai da shi sefti a 1977. Mutumin da aka ga bai dace ya ja ragamar mutum goma ba, shi ne a 2007 ya zama baƙar fata na farko da ya ci Super Bowl a matsayin babban koci. Wannan ɓangaren ne ya fi tsaya mini a rai. Yabo ma yakan zama keji: a ce maka kai ai gudu ne baiwarka, ma'ana kar ka nemi wani abu.

Shekarun 1980 zuwa 1990 zamanin Florida ne. Jami'ar Miami ta ci kofin ƙasa a 1983, 1987, 1989 da 1991. Jimmy Johnson, kocinta daga 1984 zuwa 1988, dabararsa ita ce ya fifita sauri a kan girma: ya ɗauki sefti ya matso da shi tsakiya, na tsakiya ya matso da shi layin gaba, kowa ya fi wanda ke gabansa ƙafa. Kuma ba sai ya yi nisa ba, yaran na bayan gida. A garuruwan Belle Glade da Pahokee, ƙasar noman rake, in an cinna wa gona wuta kafin girbi zomaye kan fito a guje, yara su bi su cikin laka su kama da hannu, a ci ko a sayar. Daga waɗannan ƙananan garuruwa matalauta 'yan wasa da dama suka kai gasar ƙwararru ta NFL, cikinsu har da kwanabak Janoris Jenkins na Pahokee.

A Florida State kuma, wurin koci Bobby Bowden, akwai Deion Sanders, ɗan Fort Myers, daga 1985 zuwa 1988. Yana zari-ruga, yana wasan besbol, yana tsere. A 1988 ya karɓi kyautar Jim Thorpe ta gwarzon ɗan baya na jami'o'i, a 1989 aka auna shi a 4.27, Atlanta ta ɗauke shi na biyar a zaɓen sababbin 'yan wasa. Deion ya canza lissafi gaba ɗaya. In kana da mutum ɗaya da zai kulle rabin fili shi kaɗai, sauran goma sun samu sukunin farautar madugu. Tun daga lokacin kowane koci ke mafarkin nasa Deion ɗin.

Wanda ya fi kowa koyon darasin da zafi shi ne Tom Osborne na Nebraska. Ƙungiyarsa manyan ƙartai ne 'yan ƙasar masara, suna niƙe kowa a yankinsu, amma sau bakwai a jere suna faɗuwa a wasan ƙarshen kaka, galibi a hannun Miami da Florida State. A Janairun 1992 Miami ta ba su 22 da nema. Osborne bai tsaya kare al'ada ba. Ya sake tsarin tsaronsa, ya aika mataimakansa nesa neman masu sauri. A Janairun 1995 ya doke Miami 24 da 17, bayan shekara guda ya yi wa jami'ar Florida 62 da 24, ya ƙara kofi na uku a kakar 1997.

Daga nan masu hari suka ƙara wuta. Hal Mumme da Mike Leach, tun daga wata ƙaramar kwaleji a Iowa a 1989, suka yaɗa salon baza masu cafka huɗu ko biyar a faɗin fili ana ta jifa. Dole masu tsaro su cire ƙato ɗaya su sa ɗan baya na biyar, wani lokacin na shida. Yau jami'o'i da yawa da 'yan baya biyar suke fara wasa. Buƙata ta ƙaru, kasuwa ta buɗe. Shafuka irin su Rivals da 247Sports na ba yaran sakandare taurari, biyar ce ƙololuwa. Yaro na ɗora bidiyonsa a Hudl, ya rubuta tsawonsa, nauyinsa, da lambarsa ta yadi 40.

Inda lamba ta zama kuɗi kuwa, ƙarya ba ta nisa. Agogon hannu yakan rage wa mai gudu kamar kashi biyu bisa goma na sakan, saboda ɗan yatsan mai dannawa na makara wajen farawa. Ga kocin sakandare da ke son yaronsa ya samu shiga. Shi ya sa kusan kowane yaro 4.4 ne a intanet, amma in an kawo na'ura sai ka ga 4.6 ko 4.7. Babban taron gwajin NFL da ake yi a Indianapolis tun 1987 ya koma amfani da na'ura a 1999. Kociyoyin jami'a su ma yanzu ko dai su gayyaci yaro su auna shi da kansu, ko su duba lokacinsa na mita 100 a gasar tsere ta jiha, inda na'ura ce alƙali.

A nan akwai labarin da ya taɓa gida. Waɗanda suka san tarihin wasanninmu sun san matan Najeriya huɗu da suka ci tagulla a gudun ba-ni-in-ba-ka a Barcelona a 1992: Beatrice Utondu, Faith Idehen, Christy Opara-Thompson da Mary Onyali. Ɗan Faith Idehen, Noah Igbinoghene, wanda mahaifinsa Festus shi ma ɗan tsalle ne, ya shiga jami'ar Auburn a matsayin mai cafka kuma ɗan tsalle. A 2018 aka mai da shi kwanabak, a 2020 Miami Dolphins ta ɗauke shi a zagayen farko. Kaka biyu kacal ya yi a gurbin. Kociyoyi na da wata magana da suke maimaitawa, cewa komai ana koyarwa ban da gudu. A shekarar dai Jeff Okudah na Ohio State, shi ma iyayensa 'yan Najeriya, ya fita na uku.

To shin maganar kociyoyin gaskiya ce? Rabi. A gwajin 2022 Kalon Barnes na Baylor ya yi 4.23, ɗaya daga cikin mafiya sauri da aka taɓa aunawa. A zagaye na bakwai aka ɗauke shi, kuma bai samu gindin zama ba. A shekarar Tariq Woolen ya yi 4.26, Seattle ta ɗauke shi a zagaye na biyar, ya sace ƙwallo 6 a kakarsa ta farko, babu wanda ya fi shi. Gudu kusan ɗaya, makoma daban. Ga kuma Richard Sherman, ɗan unguwar Compton, wanda ya yi karatu a Stanford, ya fara a mai cafka kafin ya koma baya. 4.56 ya yi a 2011, aka bar shi har mutum na 154. A 2013 ya fi kowa satar ƙwallo da guda 8, ya ci Super Bowl. Makaminsa dogon hannu ne da karatun abokin gaba: ya taɓa zama mai cafka, ya san abin da ƙafar mutum ke shirin yi kafin ta yi. Wanda ya tashi da wuri ba ya buƙatar gudun wanda ya makara.

Abin da yadi 40 ke aunawa gudu ne a miƙe, babu sulke, babu wanda ke ruɗin ka. Ɗan baya kuwa da wuya ya yi yadi 40 a miƙe. Yana ja da baya, ya tsaya cak, ya juya, ya ɗaga kai ya nemi ƙwallo, kuma in an wuce shi yanzu ya manta kafin a sake jifa. Shi ya sa ake ƙara gwajin zagaya robobi uku da na kai-komo, yanzu har da na'urar GPS a bayan riga. Yaro mai gudu da ba ya karanta wasa, saurinsa kawai zai kai shi wurin da ba nan ƙwallo take ba. Sauri ya haifi nawa kenan.

Ni dai abin da na fahimta shi ne, gudu a wannan gurbi kamar makin shiga jami'a ne. In ba ka kai ba, ba za a buɗe fayil ɗinka ba, kuma kociyoyin na da hujja, domin ƙafar da ba ta kai ba babu dabarar da za ta ɓoye ta kullum. Amma makin shiga bai taɓa zama digiri ba. Lambar ta yi alheri, ta tilasta wa masu wariya ganin abin da suka ƙi gani. Ta kuma yi ɓarna, ta sa an kalli Briscoe da Dungy an ga ƙafafu kawai. Kuma a cikin waɗanda suka samu shiga jami'ar, waɗanda ke kaiwa NFL ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Sauran, ranar da gwiwa ta tsinke ko shekaru huɗu suka cika, abin da ya rage a hannunsu shi ne takardar da gudun ya saya musu, in sun tsaya sun karanta.

Ku faɗa mini ra'ayinku a ƙasa: in kai ne koci, gurbi ɗaya ya rage, ga mai 4.3 da bai iya karatun wasa ba, ga mai 4.6 da ke ganin abu kafin ya faru, wa za ka ba? Ku tura wa abokin da kuka san zai yi gardama. Sai mun haɗu a shiri na gaba.